Masu farfaɗiya da haɗarin kashe kai: abin da ya kamata iyali su sani

Idan mai farfaɗiya ya faɗi a kasuwa ko a tsakar gida, kowa yana gani. Sai a taru a kansa, wasu su ja da baya don gudun miyau, wasu su ruga ɗebo ruwa, wasu su kama addu'a. Bayan minti biyu ko uku jijjigar ta lafa, mutumin ya farfaɗo, ya kakkaɓe rigarsa, ya shige ɗaki. Jama'a su ce Allah ya sawwaƙe, kowa ya kama gabansa. Halin da yake ciki a wannan ɗaki, da kwanakin da ke biyo baya, ba safai ake tambaya ba.

A can ne kuwa likitoci suke hango wani haɗari da ba a cika maganarsa ba. Manyan bincike da aka yi a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa masu farfaɗiya sun fi sauran jama'a shiga haɗarin kashe kansu, har kusan sau uku. Abin da ya fi ingiza su shi ne ciwon damuwa mai tsanani da ke tafiya tare da farfaɗiyar ba tare da an gane shi ba, ga kuma wariyar da suke fuskanta. Ciwon damuwa yana da magani, wariya kuma jama'a ne ke da ikon rage ta. Shi ya sa maganar ta shafi kowane gida da ke da mai wannan lalura.

Mece ce farfaɗiya?

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ƙananan saƙonni masu kama da wutar lantarki, waɗanda ke gudana tsakanin ƙwayoyinta. Idan wani gungu na waɗannan ƙwayoyi ya saki saƙonni da yawa a lokaci guda babu tsari, sai ciwon ya tashi. Wani yakan faɗi yana jijjiga, wani ya sandare, wani kuwa ya ƙura ido na ƴan daƙiƙoƙi bai san inda yake ba, ko ya riƙa taune-taune yana jan rigarsa. Ana cewa mutum yana da farfaɗiya idan abin yana maimaituwa ba tare da wani dalili na nan take ba. Jijjigar da zazzaɓi mai zafi ke sa wa ƙaramin yaro sau ɗaya ba ta isa a kira shi mai farfaɗiya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A ƙasashen Sahel kamar Nijar, akwai dalilai da kowa ya sani da ke barin tabo a ƙwaƙwalwa: doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin babur, da shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa. Annobar sanƙarau ta 2015 kaɗai ta kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, kuma wasu daga cikin waɗanda ke tsira daga wannan cuta kan kasance da farfaɗiya daga baya. Ƙwayar Tramadol da ta zama ruwan dare tsakanin matasa ita ma tana iya tayar da jijjiga, musamman idan an sha ta da yawa.

OMS ta ce mutum 7 cikin 10 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa gaba ɗaya idan an gano ciwon an kuma ba su maganin da ya dace. Sai dai a ƙasashe matalauta, kusan kashi uku cikin huɗu ba sa samun wannan magani.

Abin da alƙaluma suka nuna

Bincike mafi girma a kan wannan batu sun fito ne daga ƙasashen arewacin Turai, saboda a can ana rubuta duk wanda ya shiga asibiti da duk wanda ya rasu a cikin rajista guda, ana iya bin sawun mutane shekara da shekaru.

A ƙasar Danmak, masu bincike sun duba mutum 21,169 da suka kashe kansu tsakanin 1981 da 1997, suka kwatanta su da wasu fiye da 400,000 masu shekaru irin nasu. Sakamakon ya fito a 2007 a mujallar likitoci ta The Lancet Neurology. An samu cewa haɗarin ya ninka sau uku ga mai farfaɗiya. Ga wanda yake da farfaɗiya kuma yake da wata lalurar tunani, kamar ciwon damuwa, haɗarin ya kai kusan sau 14. Ga wanda ba a taɓa samunsa da irin wannan lalura ba, ninki biyu ne. Lokacin da ya fi muni kuwa shi ne watanni shida na farko bayan an shaida wa mutum cewa farfaɗiya ce yake da ita. A wannan tsakani haɗarin ya haura sau biyar.

A 2013 wani binciken daga ƙasar Suwidin, wanda ya bi sawun masu farfaɗiya kusan 70,000, ya zo da sakamako mai kama da wannan: haɗarin kashe kai ya haura ninki uku. Daga cikin masu farfaɗiyar da suka mutu ta hanyar haɗari ko ta kashe kai, uku cikin huɗu suna da wata lalurar tunani, akasari ciwon damuwa ko shaye-shaye.

Waɗannan alƙaluma ba sa nufin cewa duk mai farfaɗiya yana kan hanyar halaka kansa. Mafi yawansu ba za su taɓa yin yunƙurin haka ba, suna aure, suna sana'a, suna tsufa cikin jikokinsu. Amfanin alƙaluman shi ne sun nuna su wa ya kamata a fi sa wa ido, da kuma lokacin da ya kamata a yi hakan. Akwai kuma abin lura: Danmak da Suwidin ƙasashe ne da magani yake wadace. Mai farfaɗiya a Madawa ko Tasawa yana ɗauke da wannan nauyin, sannan ga tsadar magani, ga nisan asibiti, ga bakin mutane. Kuma a wurinmu, idan irin wannan mutuwa ta faru, iyali sukan rufe maganar saboda kunya, a ce ciwonsa ne ya tashi ko haɗari ne.

Me ya haɗa farfaɗiya da ciwon damuwa?

Ciwon damuwa da likitoci ke nufi ya wuce ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu. Yanayi ne da mutum zai yi aƙalla mako biyu cikin baƙin ciki ko rashin sha'awar komai, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, abinci ya fita ransa, ya riƙa jin ba shi da amfani. Idan aka haɗa sakamakon bincike masu yawa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu farfaɗiya yana fama da shi.

Da farko an ɗauka wahalar ciwon ce kawai ke jawo damuwar. Daga baya aka gano dangantakar ta fi haka zurfi. Wani bincike da aka yi da takardun marasa lafiya na Birtaniya, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa ciwon damuwa da fargaba da yunƙurin kashe kai sun fi yawa ga waɗannan mutane tun shekaru uku kafin a gano farfaɗiyarsu, kuma suka ci gaba bayan nan. Ma'ana, wani lokaci damuwar ce ke riga faɗuwar zuwa. Masana suna danganta hakan da cewa sassan ƙwaƙwalwa da ke kula da farin ciki da tsoro da fushi, waɗanda ke gefen kai kusa da kunne, su ne kuma wuraren da farfaɗiyar manya ta fi tasowa. Sinadaran da ke ɗaukar saƙo a wurin, irin su serotonin, suna da hannu a cikin ciwukan biyu.

Akwai kuma wani yanayi da iyali sukan gani amma ba su san daga ciwon yake ba. Bayan mutum ya faɗi ya farfaɗo, yakan shiga wani baƙin ciki mai nauyi na wasu sa'o'i ko kwanaki. A 2004 likitoci a birnin Chicago na Amurka sun yi wa mutum 100 masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani tambayoyi a kan haka. 43 sun ce suna shiga damuwa bayan faɗuwa, 13 kuma sun ce tunanin kashe kai yana zo masu a wannan lokaci. Yanayin yakan ɗauki kimanin kwana guda. Ke nan ranar da mutum ya faɗi da washegarinta ba ranakun barinsa shi kaɗai a ɗaki ba ne, ko da ya ce shi barci kawai yake so.

Nauyin da jama'a ke ƙarawa

A garuruwa da ƙauyukan Nijar, har yanzu mutane da yawa suna ɗaukar farfaɗiya a matsayin aikin iskoki ko sammu, wasu kuma suna ganin ana ɗaukar ta ta miyau ko ta numfashin wanda ya faɗi. Wannan tunani bai tsaya ga waɗanda ba su yi boko ba. A 2020 likitocin ƙwaƙwalwa na Nijar sun wallafa binciken da suka yi tsakanin malaman makaranta a Yamai da Tawa, suka samu cewa da dama daga cikinsu suna da irin wannan fahimta. Gaskiyar magana, farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta miyau, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwana a tabarma ɗaya.

Amma wanda ake yi wa kallon mai cutar da ake ɗauka yana biyan kuɗin wannan jahilci kullum. A ware masa kwano da kofi. A cire yarinya daga lakwal bayan ta faɗi sau ɗaya a aji. Maganar aure ta lalace da zarar dangin wancan ɓangare sun ji labari, ko a ɓoye ciwon har a ɗaura, sannan a sako matar ranar da ta fara faɗuwa a ɗakin miji. Saurayin da ke kabu-kabu ko aikin gini ya rasa abin yi, ya koma zaman jiran abin da za a ba shi. Ga tabon ƙuna a hannu ko a fuska, na ranar da ciwon ya tashi a bakin murhu, wanda ke tona asirin mutum duk inda ya shiga.

Idan aka duba abubuwan da masana suka tabbatar suna ƙara haɗarin kashe kai ga kowane ɗan Adam, za a ga kaɗaici, rashin aikin yi, mutuwar aure, ciwon da ya daɗe, da jin cewa mutum ya zama kaya a kan danginsa. Mai farfaɗiyar da aka ware yana iya haɗa dukkansu a lokaci guda. Hatta kulawar da ta wuce kima tana iya cutarwa: a hana mutum zuwa gona, a hana shi zaman fada da abokai, a hana shi ɗaukar ɗansa, duk da sunan tausayi, har ya ji ba shi da sauran amfani a gidan.

Addini bai goyi bayan wannan wariya ba. A cikin ingantattun hadisai akwai labarin wata mata mai farfaɗiya da ta je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukanta, aka yi mata albishir da Aljanna saboda haƙurinta, sahabbai kuma suka riƙa nuna ta a matsayin abin koyi. Addu'a da shan magani ba sa karo da juna. Sai dai sanin da kowa ya yi cewa kashe kai haramun ne yakan sa wanda tunanin ya addaba ya ji tsoron faɗa, don kada a ce imaninsa ya yi rauni. Zuwan tunanin alama ce ta ciwo, kuma malamin da aka kawo wa irin wannan kuka yana da rawar takawa wajen tura mutum asibiti.

Maganin farfaɗiya yana da hannu?

A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta haɗa sakamakon gwaje-gwaje 199 na magungunan farfaɗiya 11. Ta samu cewa kusan mutum 4 cikin 1,000 na waɗanda suka sha maganin sun yi tunanin kashe kai ko yunƙurinsa, a kan kusan 2 cikin 1,000 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba ta da magani a ciki. Daga nan aka wajabta rubuta gargaɗi a takardar cikin kwalin waɗannan magunguna. Likitoci da yawa sun soki yadda aka tara magunguna masu aiki daban-daban a kwando ɗaya, kuma wani babban bincike da ya fito a 2010 a mujallar New England Journal of Medicine bai samu ƙarin haɗari ba ga masu farfaɗiyar da ke shan maganinsu.

Abin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne magungunan sun bambanta. Fenobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal, tun 1912 ake amfani da shi, kuma shi ne mafi araha a Afirka. Ya ceci rayuka masu yawa, amma yana iya kawo kasala da damuwa ga wasu, musamman waɗanda ciwon damuwa yake a danginsu. Levetirasetam, wato Keppra, yakan sa wasu saurin fushi. Karbamazepin, wato Tégrétol, da balpurowat, wato Dépakine, su kuwa ana ma amfani da su wajen daidaita yanayin rai, ko da yake Dépakine yana da haɗari ga jaririn da ke ciki, don haka macen da ke iya ɗaukar ciki sai da shawarar likita.

Duk wanda aka ga halinsa ya canja a makonnin farko bayan fara sabon magani ko ƙara yawansa, a koma da shi wurin wanda ya rubuta maganin, a yi masa bayani. Ana iya rage shi ko a sauya wani. Abin da bai kamata a yi ba ko kaɗan shi ne dakatar da magani farat ɗaya. Yin haka, musamman da Gardénal, yana iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Haka ma yankewar magani saboda rashin kuɗi, ko sayen ƙwayoyin tebur da suka sha rana. Mai niyyar azumi ya fara ganin likita don a daidaita masa lokutan sha.

Alamomin da za a lura da su

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen gida su ne suka fi kowa damar ganin canji, idan sun san abin da za su duba.

Na farko shi ne magana. Idan mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara a ce babu shi, ko ya ce ku kusa hutawa da wahalarsa, kada a ɗauke ta a matsayin maganar ɓacin rai kawai. Da yawa daga cikin waɗanda suka kashe kansu sun taɓa furta wani abu makamancin haka ga na kusa da su.

Na biyu shi ne janyewa. Ya daina fita masallaci ko fada, ta daina shiga cikin mata a gidan biki, ya daina cin abinci tare da kowa, ta daina kula da jikinta. Na uku shi ne shiri irin na mai bankwana: rabar da kayan da mutum yake ji da su, biyan basussuka ba zato, neman gafarar mutane ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani dalili ba. Na huɗu, ƙin shan maganin da gangan, ko tara shi a ɓoye, ko faɗawa shan Tramadol da sauran kayan maye. Sai kuma natsuwar da ta zo kwatsam bayan dogon baƙin ciki, wadda iyali kan ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali wani lokaci alama ce ta cewa mutum ya yanke shawara.

Akwai lokutan da ya kamata a ƙara sa ido ko da ba a ga alama ba: watannin farko bayan gano ciwon, kwana ɗaya ko biyu bayan kowace faɗuwa, bayan faɗuwa a bainar jama'a, bayan saki ko fasa aure ko rasa aiki, da lokacin da ciwon ya dawo bayan an daɗe ana murnar ya tafi. Wanda ya taɓa yin yunƙuri sau ɗaya kuwa, shi ne ya fi kowa buƙatar kulawa, domin yunƙurin baya shi ne babbar alamar haɗari da aka sani.

Yadda ake tambaya

Mutane da yawa suna tsoron cewa idan suka tambayi mutum ko yana tunanin kashe kansa, su ne za su sa masa tunanin. Bincike ya nuna tambaya ba ta ƙara haɗari. Sau da yawa ma wanda aka tambaya yakan ji an sauke masa kaya, tun da ya samu wanda zai faɗa wa.

A zaɓi wanda mutumin ya fi sakin jiki da shi, wanda ba lallai ne ya zama uba ko miji ba. Yana iya zama kawu, ko gwaggo, ko aminin ƙuruciya. A keɓe, a zauna, a fara da abin da aka gani. Ƙanwa za ta iya ce wa yayanta: "Yaya, kwana biyu na ga ka daina fita, abincinka ma yana dawowa. Me ke damunka?" Uwa ta ce wa ɗiyarta: "Ɗiyata, na ji kin ce kin gaji da duniya. Har tunanin halaka kanki yana zo maki?" Idan amsar e ce, a ci gaba a tambaya ko ta yi wani shiri, ko ta tanadi wani abu.

Sauran aikin saurare ne. Faɗa da gori ba sa taimakawa, haka ma gaggawar yin wa'azi kafin mutum ya gama magana, ko cewa ai wane ya fi ka shiga wahala. Kada kuma a yi alkawarin rufe maganar. A gaya masa a fili cewa za a nemi taimako tare, saboda ana son sa da ransa.

Idan mutum ya ce ya yi shiri, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Kafin nan a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Tunanin kashe kai yakan zo da ƙarfi na ɗan lokaci ne sannan ya lafa, kuma idan babu abin cutarwa a kusa a wannan lokaci, mutum yakan tsira. OMS ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari na gona suke yi, don haka a gidajen manoma a kulle maganin feshi a wurin da ba kowa ke shiga ba. Maganin farfaɗiyar shi kansa, wani babba a gidan ya riƙe shi, yana ba da na kowace rana. Idan har mutum ya sha wani abu, a garzaya da shi sashen gaggawa tare da kwalbar ko kwalin, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja ko a sa shi amai.

Abin da za a nema a asibiti

Likitocin ƙwaƙwalwa da na lalurar tunani ba su da yawa a Nijar, kuma akasarinsu suna manyan asibitocin Yamai da na manyan biranen jihohi kamar Damagaram, Maraɗi da Tawa. Mafi yawan masu farfaɗiya a hannun majo na CSI ko likitan asibitin gunduma suke karɓar magani. Wannan ba cikas ba ne. Tun 2008 OMS ta fito da shirin mhGAP, wanda aka tsara don ma'aikatan jinya da likitocin da ba ƙwararru ba su iya gano farfaɗiya da ciwon damuwa da haɗarin kashe kai, su kuma fara magance su. A watan Mayun 2022 ƙasashen da ke cikin hukumar, har da Nijar, sun amince da wani tsarin aiki na shekara goma a kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda zai kai 2031.

A yawancin ziyarar asibiti, tambayar da ake yi ita ce sau nawa ya faɗi a wannan wata, sai a sabunta takardar magani. Ya kamata a ƙara tambaya ta biyu: yaya ransa yake? Tun 2006 akwai wata gajeriyar takardar tambayoyi shida da aka tsara musamman don gano ciwon damuwa ga masu farfaɗiya, wadda ba ta ɗaukar fiye da ƴan mintoci. Idan ma'aikacin lafiya bai tambaya ba, wanda ya rako marar lafiyar ya tayar da maganar da kansa.

Wasu suna tsoron cewa maganin damuwa zai tayar da farfaɗiya. Sababbin magunguna irin su fuluwoksetin da sataralin ana ba masu farfaɗiya su, kuma a ƙa'idar da likita ya rubuta ba a san su da ƙara faɗuwa ba. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, don haka kada a yanke ƙauna a makon farko. Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam shi ma yana taimakawa, inda ake da shi.

Sauran maganin yana gida da unguwa. Yaron da ciwonsa ya lafa da magani ya koma aji. Mai sana'a mai haɗari, kamar tuƙi ko hawa sama, a taimaka masa ya samu wadda ba ta da shi, maimakon a zaunar da shi. Idan ciwon ya tashi, a kawar da wuta da abubuwa masu kaifi, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya mutum ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, sai asibiti. A kore ƴan kallo, a rufe masa jiki. Bayan ya farfaɗo ya shiga ɗaki, wani daga cikin ƴan gida ya bi shi, ya zauna kusa da shi har ya dawo hayyacinsa, washegari kuma ya sake leƙawa ya tambaye shi yadda ya kwana.